Sassarfar Baba Na-Allah

Jikata Balkisa, wadda ke karatun Ingilishi a babbar makaranta nan Maraɗi, ta same ni a inuwar bedi ina tsince wake, ta zauna a kan tabarmata ko takalmi ba ta cire ba, ta ce wai yau malaminsu ya koya musu abin mamaki. Wai su Ingilishi, tafiyar ƙafa kaɗai sunayenta sun fi a ƙirga. Akwai wanda ake faɗa in mutum yana tafe a hankali yana shan iska, wani abu mai kama da “sitirol”, bakina ba ya iya murɗa shi. Akwai na mai dogon taku da ya san inda za shi, akwai na wanda ya gaji yana ɗaga ƙafa kamar an ɗaura mata dutse, akwai na soja, akwai na mai tafiya a kan ƴan yatsu don kada a ji shi, da na wanda ke tafe bai nufi ko'ina ba. In ka sa wannan a wurin wancan, in ji ta, sai malami ya zabga maka jan biro. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Kaka, ki ga yare mai zurfi. Mu kuwa komi tahiya, tahiya, shi ke nan.”

Na ce, “Ku da wa?” Ba ta ji ba, don wayarta ta yi kuka. Tana gama danne-dannenta ta miƙe ta leƙa ƙofa ta kira ɗan kabu-kabu ya kai ta shagon bakin kwalta, shagon da in na yi tari daga nan mai shi zai ce mini sannu. Wannan ita ce za ta gaya mini Hausa ba ta da sunan tafiya. Ai wanda bai taɓa shiga gona ba duk hatsi sunansa hatsi, bai san gero ba, bai san maiwa ba. Ni ban ga laifin Ingilishi ba. Da alama mutanensu sun taka ƙasa har sun san bambancin takun, suka kuma riƙe abinsu. Mu ne muka haifi ƴaƴan da suka ajiye ƙafafunsu kamar kayan ado, sunayen suka bi ƙafafun suka kwanta, sannan suka dawo suna yi wa yaren iyayensu kallon matalauci.

Garin nan in ka tsaya a bakin titi da safe ba ka jin sawun ɗan Adam. Sai ƙugin babura da hon da hayaƙi, da ƙattin maza sun harɗe a bayan yara sa'annin jikokinsu ana yawo da su kamar buhunan albasa. Abin da ya fi ba ni dariya alhazan birni ne da likita ya ce sukari da hawan jini za su kashe su in ba su motsa ba. Sai ka ga mutum ya cika mota da tumbi, direba ya kai shi wani fili, ya sauko da farin takalmi da gorar ruwa, ya yi ta kewaya wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke, sannan ya koma mota yana haki, wai ya yi sipor. Tafiyar da ba ta kai ka gidan kowa ba, ba ta kai gaisuwa ba, ba ta ɗauko ko ƙwaryar gero ba, mu a wurinmu sunanta gantali, ko da farin takalmi aka yi ta.

Mu da muka tashi a Tsibiri ƙafa ce jakinmu. Ba a koya wa yarinya tafiya da baki, tulu ke koya mata. In kin yi rawar kai ya jiƙa ki, in kin yi garaje ya fashe, ki sha dukan da za ki tuna har ki yi aure. Kafin rana ta yi zafi mun je rijiya mun dawo, mun kai wa maza fura gona, mun biyo da itace. Ranar kasuwar Maraɗi kuwa mu jera da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ka, yashi na cinye rabin kowane taku, ba ka jin komai sai ƙarar warwaro da fas-fas ɗin takalman fata da waƙar da wata ta ɗauko wasu suka amsa. Ba wanda ya ce mun yi abin kirki. Rayuwa ce kawai.

Kakata ta wajen uba, da muke kira Iya, idonta ya yi rauni tun ina ƙarama, sai ta koma gani da kunne. Tana zaune a gindin bango kusa da zaure tana kaɗi, duk wanda ya gitta sai ta faɗi irin tafiyarsa, kuma ba ta yarda a haɗa mata biyu su zama ɗaya. Wata rana na ce mata ga ƙanena can yana sanɗa zai fita, ta ce, “Ba sanɗa ba ce, saɗaɗawa ce. Mai sanɗa wani abu shika nufa, kamar kyanwa da ɓera. Mai saɗaɗawa wani abu shika gudu. Je ki duba mi ya fasa.” Na je na tarar da kaskon Inna, mahaifiyata, a tarwatse. Da wani maƙwabcinmu ya samu kuɗin gyaɗa ya sayo babbar riga ya riƙa wucewa yana jefa kafaɗa, mata suka ce ga shi can yana takawa, sai Iya ta tofar da yawu ta ce taƙama dai, don mai taƙama so yake a gan shi, mai takawa kuwa ya san an riga an gan shi. Rangaji na budurwa ne ranar da ta sha lalle, tangaɗi na mashayi, ko da yake duka biyun jiki ne ke karkata. Mai yawo yana da gidan komawa, mai ragaita hankalinsa ne ya riga shi ɓata. In mutum ya yi maka tattaki, wato ya taso daga nesa a ƙasa domin kai kaɗai, to ko ruwan tulunka na ƙarshe ne ka zuba masa. Ta kuma ce mu riƙa bambanta ɗingishi da jan ƙafa, don ɗingishi ciwon ƙafa ne, jan ƙafa kuwa ba a ƙafa ciwon yake ba. Mutane suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Iya ta ce fuska ana gyara ta a bakin ƙofa, ita dai a bar ta da sawu.

A wancan zamani labari a ƙafa yake zuwa, kuma kowa ya san ƙa'idarsa. Wanda ya kawo labarin ciwo da sassarfa yake shigowa, wannan ɗan gudu-gudun na mai nisan zango da yake so ya isa da sauran numfashi, don akwai sauran lokaci, ana iya cim ma mutum. Wanda ya kawo mutuwa ba ya sauri. Mutuwa ta riga ta yi nata saurin. Sai ya zo da nauyi, ya tsaya a zaure, ya nemi maza, a zaunar da mace kafin a gaya mata. Yanzu fa? Mutum bai gama yin sanyi ba wani ɗan banza ya ɗauki hotonsa ya watsa a waya, matarsa tana tsakiyar kasuwa tana taya tumatir ta gani. Masu ta'aziyya kuma su turo ɗan zanen fuska mai hawaye, sun sauke nauyi ke nan, suna kwance a kan katifa. Mutanen da suka ce zumunci a ƙafa yake. Na yanzu a babban yatsa yake, kuma ko shi yatsan sai in akwai caji.

Babana manomi ne. In an gama girbin gero a Tsibiri sai ya ɗaura wa jakinsa kaya ya tafi Jiratawa, garin su Iya, inda danginta ke da fadama a bakin gulbi, ya yi noman rani, albasa da taba da ɗan alkama. Lokacin ba a kawo injuna da magudanan siminti ba, da jigo ake ban ruwa, mutum na tsaye a cikin laka tun asuba. Tare suke yi da ɗan kawunsa, Baba Na-Allah, wani siriri mai yawan barkwanci, wanda ba ya kiran Inna da komai sai “matata”, ita kuma ta ce ko a kyauta ba ta so. A shekarar da nake ba da labari na zama budurwa, kuma Baba ya tafi da wani tari da ya ƙi sakinsa tun kaka.

Ran nan cikin tsananin ɗari, hantsi ya ɗaga sosai, ni da Inna muna lugude a turmi ɗaya, sai Iya ta ɗaga hannu ta ce, “Ku tsaya da dakan nan. Wani na tahe da sassarfa.” Ba ta rufe baki ba Baba Na-Allah ya faɗo gidan da sallama, gumi na tsiyaya a jikinsa duk da sanyin, ƙafafunsa sun yi furu-furu har gwiwa. Bai tsaya a zaure ba, bai nemi maza ba. Ya durƙusa ya gai da Iya a gurguje, ya juyo yana murmushi ya ce, “Matata, aje taɓaryar nan. Mijin aron nan naki jiki ya matsa mishi, ya hana mu sakat da kiranki. Taso mu tahi yanzu.”

Wata maƙwabciyarmu da ta biyo shi don jin ƙwaƙwaf ta ɗora hannu a ka za ta fasa kururuwa, Inna ta daka mata tsawa. “Rufe mana baki! Ba ki ga yadda ya shigo ba? Mai kawo mutuwa ba shi sassarfa.” Iya kuwa ta daina kaɗi. Ta ajiye mazarinta a cinya, ta juya kunne wajen Baba Na-Allah ta daɗe, sannan ta ce, “Ku tahi. Ki tahi da yarinyar nan, kada ki je ke ɗaya.” Har yau ban san abin da tsohuwar ta ji ba, kuma ban taɓa tambayarta ba.

Inna ta haɗa garin kunu da tsamiya da citta da ɗan zuma a ƙwarya, abin da take ba shi in tarin ya tashi, ta ɗora mini a ka. Ni ce ƴarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai “ke”. Ta ce, “Ke, in kin zubar da shi kada ki biyo ni.” Muka kama hanya. Baba Na-Allah na gaba da sassarfarsa, Inna na biye, ni a baya. Ban taɓa ganin Inna ta yi sauri haka ba, macen da ko wuta ta kama danga sai ta gyara ɗaurin zanenta kafin ta tashi. Shi kuwa bakinsa bai huta ba. Albasa ta yi kyau bana, in ji shi, kowane kai kamar tulu. Jakin Baba ya yi ƙiba har ya fara raina mutane. In mai ciwo ya warke shi zai kai ƙara wurin alƙali a raba auren aro a mayar masa da matarsa. Inna har ta yi dariya ta ce, “Allah shi shirye ka, Na-Allah.” Muka ratsa Maraɗi rana na tsaka, ta wajen da ake jibge buhunan gyaɗa, ƴan dako na ta kai da komo, masu tallan ruwa na kiranmu, ba mu ko waiwaya ba. Ni da kullum in na shigo birni idona ke rawa a kan atamfofi, ran nan ban ga komai ba sai dugadugan Inna.

Bayan mun fita gari mun gangara wajen gulbi, muka tsaya a gindin wata kanya muka yi azahar. Daga nan ne abu ya canza. Na fara lura ba da ido ba, da kunne, don sawun da ke gabana tun safe ya koma bayana. Baba Na-Allah ya tsaya wai zai cire ƙaya. Ya cim mana, ya sake tsayawa wai igiyar takalmi. Barkwancin ya ƙafe. Da bishiyoyin Jiratawa suka fara bayyana can nesa, sai na ji yana tafe shaa, shaa, tafin ƙafarsa ba ya rabuwa da ƙasa. Ba ɗingishi ba ne. Jan ƙafa ne.

Inna ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ba ta juya ba.

“Na-Allah.”

“Na'am, Yaya.” Tunda nake ban taɓa jin ya kira ta haka ba.

“Yaushe?”

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, “Da asuba, ana gama kiran salla. Da kalmar shahada a bakinshi.”

“Mi ya hana ka faɗi tun gida?”

“Yaya, da na faɗa miki a Tsibiri, ƙafarki ba ta kawo ki. Mata su taru a kanki a yi ta kuka har rana ta faɗi, a rufe shi ba ki gan shi ba. Kuma shi ya ce a kira ki, wannan ban yi ƙarya ba. Na roƙi dattawa su jira, sunka ce sai la'asar, ba su ƙara komi a kai.”

Ni dai ban san lokacin da na durƙushe a ƙasa ba, ƙwaryar na kaina. Na buɗe baki zan yi ihu, Inna ta kama dantsena ta ɗaga ni tsaye da hannu ɗaya. Ta ce, “Ke, tashi. Kuka ba shi gudu, yana nan yana jiranmu. La'asar ita ka gudu.” Ta dubi rana, ta ga ta karkata. Ta sauke ƙwaryar daga kaina, ta miƙa wa wata tsohuwa mai itace da ta tsaya tana kallonmu, ta ce, “Amshi, baiwar Allah, sadaka. Ki yi wa mai shi addu'a.” Ta ƙara tamke zanenta, ta shige gaba.

Wannan tafiyar da Inna ta yi daga nan zuwa Jiratawa, kakata ba ta taɓa gaya mana sunanta ba. Ba sassarfa ba ce, don kafaɗunta ba su motsi. Ba takawa ba ce, don ni da ƙuruciyata sai da na riƙa haɗawa da gudu kafin in jera da ita. Kanta a miƙe, idonta a kan bishiyoyin garin, ba ta kauce wa ƙaya, ba ta kauce wa laka. Magana ɗaya ta yi a duk tsawon hanyar, kuma ba na jin da ni take. Ta ce, “Na ce kada shi tahi da tarin nan, ya ƙi ji. Na yi fushi. Ko bakin zaure ban raka shi ba.”

Muna ratsa fangalin albasa muka ji ladan ya ɗaga murya. Inna ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Da muka ɓullo ƙofar gidan kawun Baba, maza sun cika wurin, an jingina makara a bango, liman na tsaye yana duban inuwa yana cewa haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Wani dattijo ya hango mu ya ce, “Ku dakata, ga iyalinshi nan.” Ba wanda ya ce a ba ta hanya, mazan da kansu suka dare biyu. Muka shiga ɗakin. An riga an yi wa Baba wanka an sa shi a likkafani, ƙafafun nan nasa da laka ta tsattsaga an haɗe su wuri ɗaya. Wata tsohuwa ta buɗe mana fuskarsa. Inna ta durƙusa ta ce, a hankali kamar mai gudun ta tashe shi, “Malam, ka kira, na zo. Na yafe maka duniya da lahira. Ka yafe mini.” Ta shafa goshinsa, ta mayar da likkafanin da hannunta, ta ce wa mazan su shigo.

Aka yi masa salla, aka ɗauke shi. Mata suka ɓarke da kuka, suka yo kan Inna za su riƙe ta, ta ɗaga musu hannu. Idonta na kan wani abu a tsakar gida. Baba Na-Allah ne zaune a gindin rumbu. Ya iso a bayanmu, ya samu sallar da kyar, amma da aka ɗaga makara ya yunƙura zai bi, ƙafafun suka ƙi. Takalminsa ɗaya ya tsinke tun a hanya ya yar, tafin ƙafar ya tsage, jini ya haɗu da ƙasa ya daskare. Mutumin da ya je Tsibiri ya dawo a yini ɗaya, ko ruwa bai sha ba, ga shi an tafi da ɗan'uwansa kabari shi yana zaune, yana kuka kamar yaro.

Inna ta ce, “Ke, ɗora ruwa. Ki sa gishiri.” Na hura wuta a murhun mutane, na kawo ruwan a kasko, na durƙusa na sa ƙafafunsa a ciki ina wankewa. Yana janyewa yana cewa in bari, ba komai. Inna na tsaye a kanmu, ba ta zauna ba, ba ta zubar da hawaye ba, sai da ta ga na tsane ƙafafun na shafa musu man shanu na naɗe da tsumma. Sannan ta ce, “Na-Allah, yau ka yi mini ƙarya tun daga Tsibiri har gulbi. Allah shi saka maka da Aljanna.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na so in kai ƙaryar har gida, Yaya. Na kasa.”

Ta ce, “Ka kai ta inda ta isa.”

Sai ta juya ta shiga ɗakin da aka fitar da Baba, ta zauna a kan tabarmar da ya kwanta, ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ta miƙa mini hannu ta ce, “Ke, zo. Yanzu mu yi kukanmu.”